Buddy Holly, Mawaƙi Kuma Mai Tsara Faifai (1936–1959)

A cikin mawaƙan da suka kafa harsashin kiɗan zamani na Amurka a tsakiyar ƙarni na 20, kaɗan ne suka kai Buddy Holly gajartar kwana, kuma kaɗan ne suka kai shi barin tasiri. Yana da shekara 22 ya rasu. Daga lokacin da faifansa ya fara kasuwa zuwa ranar da ya kwanta dama, kimanin wata 18 ne kacal. A zamaninsa, aikin waƙa a rarrabe yake: wani ne zai rubuta waƙa, kamfani ya zaɓo makaɗa, mai tsara faifai ya faɗi yadda za a ɗauke ta, shi kuwa mawaƙi nasa rerawa kawai. Holly ya nemi ya haɗa waɗannan ayyuka a hannunsa. Tarihinsa, kusan dukkansa, labari ne na faɗi-tashin da ya yi domin ya riƙe ragamar aikinsa, da kuma abin da hakan ya jawo masa.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Charles Hardin Holley ran 7 ga Satumba, 1936, a garin Lubbock da ke yammacin jihar Teksas. Lubbock gari ne na manoman auduga, a tsakiyar wani shimfiɗaɗɗen fili mai yawan iska da ƙura, nesa da manyan biranen ƙasar. A lokacin haihuwarsa Amurka ba ta gama farfaɗowa daga karayar arzikin da ta auka mata a 1929 ba. Mahaifinsa, Lawrence Holley, ya yi sana'o'in hannu iri-iri domin ya ciyar da iyalinsa. Sunan mahaifiyarsa Ella. Su huɗu ne a wurin iyayensu: Larry da Travis da Patricia, sai shi ɗan auta. Tun yana ƙarami ake kiransa Buddy, wato aboki, wannan laƙabi kuwa ya bi shi har ya danne sunansa na ainihi.

Iyalin mabiya ɗarikar Baftis ne, saboda haka da waƙoƙin coci ya fara buɗe kunne. Yana da shekara 11 aka sa shi koyon fiyano, amma bayan wata 9 ya ajiye, ya koma wa jita. A makaranta ya yi abota da wani yaro mai suna Bob Montgomery, suka riƙa rera waƙoƙin karkara tare, irin na Hank Williams da sauran mawaƙan da Turawan kudu suke ƙauna. A 1953 aka buɗe gidan rediyon KDAV a Lubbock, ba a daɗe ba aka ba Holly fili a wani shiri na ranar Lahadi, daga baya Montgomery ya zama abokin waƙarsa a shirin.

A wancan zamani dokokin wariyar launin fata suna aiki a kudancin Amurka. Makarantun Turawa daban, na baƙar fata daban, haka ma unguwanni da wuraren shaƙatawa. To, amma muryar rediyo ba ta san shinge ba. Idan dare ya yi, akan kama tashoshi masu nisa waɗanda suke sa faifan mawaƙa baƙar fata. Holly da abokansa sukan zauna a cikin mota suna sauraro har dare ya raba. Ta haka ya tashi da kiɗa iri biyu a kunnensa, na Turawan karkara da na baƙar fata.

Haɗuwarsa da rokabili

Daga haɗuwar waɗannan kaɗe-kaɗe biyu ne aka sami salon da ake kira rokabili. Sunan ya fito ne daga kalmomin Ingilishi biyu: ɗaya tana nufin sabon kiɗan rawa na samari, wato rok an rol, ɗayar kuwa laƙabi ce da ake yi wa Turawan ƙauye mazauna kan duwatsu. Kayan kiɗansa ba su da yawa. Akwai jitar lantarki, da jita ta gargajiya, da wani babban goge da ake tsayar da shi a ƙasa ana fizgar tsirkiyarsa da yatsu, daga baya aka ƙara ganguna. Kiɗa ne mai sauri, mai tsalle, kuma akan sa wa muryar mawaƙin amsa-kuwwa a faifai. Salon ya bayyana sosai a 1954, sa'ad da Sam Phillips ya ɗauki muryar Elvis Presley a kamfaninsa na Sun da ke birnin Memphis.

A 1955, shekarar da Holly ya gama sakandare, Presley ya zo Lubbock sau da dama. A watan Fabrairu Holly da Montgomery ne suka buɗe masa fage. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Da Holly ya ga yadda Presley yake motsa samari da 'yan mata, sai ya juya akalar kiɗansa daga na karkara zuwa rokabili. Ya samo wani matashin makaɗin ganguna mai suna Jerry Allison. Yayansa Larry kuma ya ranta masa kuɗi ya sayi jitar lantarki ƙirar Fender Stratocaster, wadda a lokacin sabuwa ce a kasuwa, ita ce kuwa ta zama alamarsa har ƙarshen rayuwarsa.

A watan Oktoba na wannan shekara ya buɗe wa Bill Haley fage a Lubbock. Wani wakilin mawaƙa daga Nashville, Eddie Crandall, ya gan shi, ya kai labarinsa gaba. Nashville, a jihar Tennessee, ita ce cibiyar kiɗan karkara a Amurka. A farkon 1956 kamfanin Decca ya ɗauke shi, amma shi kaɗai, ban da Montgomery. A takardar yarjejeniyar an yi kuskuren rubuta sunansa Holly maimakon Holley. Bai nemi a gyara ba, da wannan sunan duniya ta san shi.

Darasin Nashville

Ran 26 ga Janairu, 1956, Holly ya shiga ɗakin ɗaukar murya a Nashville a ƙarƙashin Owen Bradley. Bradley shi ne mai tsara faifai, wanda ake kira furodusa. Aikin mai tsara faifai shi ne ya zaɓi waƙa da makaɗa, ya faɗi saurin kiɗa da yadda za a jera na'urorin ɗaukar sauti, sa'an nan ya yanke hukunci a kan ɗaukar da ta fi kyau. Bradley ƙwararre ne a fagen kiɗan karkara, yana da makaɗansa da ya saba da su, kuma aikinsa da agogo yake yi. A zaman farko ba a bar Holly ya kaɗa jitarsa yana rerawa ba, an ba wani ya kaɗa masa.

Sau uku ya je Nashville a wannan shekara. A zaman watan Yuli ya kawo wata waƙa da suka tsara shi da Allison, mai suna “That'll Be the Day”. Sun samo sunan ne daga wata magana da John Wayne ya riƙa maimaitawa a wani fim na kaboyi da suka kalla. An ɗauki waƙar a hankali, da murya sama fiye da yadda ta dace da maƙogwaronsa, kamfanin kuma ya ajiye ta bai fitar ba. Faifai biyu da Decca ta fitar masa ba su yi kasuwa ba. A Janairun 1957 aka sanar da shi cewa ba za a sabunta yarjejeniyarsa ba, kuma ba shi da izinin sake ɗaukar waƙoƙin da ya yi musu a wani kamfani sai bayan shekara 5.

Holly ya koma gida yana da shekara 20, babu kuɗi, babu kamfani. Amma ya dawo da darasi: murya mai daɗi ba ta isa ba, muddin wani ne yake da ta cewa a ɗakin ɗaukar murya.

Clovis da ƙungiyar The Crickets

Kimanin kilomita 160 daga Lubbock, a garin Clovis na jihar Niyu Meksiko, akwai wani makaɗi mai suna Norman Petty wanda ya gina ƙaramin ɗakin ɗaukar murya. Abin da ya bambanta Petty da kamfanonin birni shi ne ba ya lissafin kuɗi da awa. Makaɗa suna iya kwana suna gwaji har su sami sautin da suke nema. Ran 25 ga Fabrairu, 1957, Holly da abokansa suka sake ɗaukar “That'll Be the Day” a can, shi da jitarsa, da saurin da yake so, da muryarsa ta ainihi.

Sai dai akwai matsalar sharaɗin Decca. Domin a kauce masa, aka yanke shawarar kada a sa sunan Holly a faifan, a sa sunan ƙungiya. Suka zaɓi The Crickets, wato gyare, ƙwaron nan mai kuka da dare. 'Yan ƙungiyar su huɗu ne: Holly da jitar gaba da murya, Niki Sullivan da jita ta biyu, Joe B. Mauldin da babban goge, sai Jerry Allison da ganguna. Kamfanin Brunswick ya karɓi faifan, ya fitar da shi a watan Mayu. Abin dariya, a lokacin Brunswick reshe ne na Decca, wato kamfanin da ya sallame shi ya sake ɗaukarsa ta bayan gida. Wani reshen na Decca, Coral, shi ya riƙa fitar da faifan da ke ɗauke da sunan Holly shi kaɗai. Faifan ya yi watanni yana tafiyar hawainiya, sa'an nan ya tashi. A watan Satumba ya zama na ɗaya a jerin faifan da suka fi ciniki a Amurka, a Nuwamba kuma ya zama na ɗaya a Birtaniya.

A wannan ɗan ɗaki na Clovis ne Holly ya koyi aikin tsara faifai, yana gwada dabaru tare da Petty da Allison. A waƙar “Words of Love” ya ɗauki muryarsa, sa'an nan ya sake rerawa a kan ta farko, har ya zama shi ne mai waƙa, shi ne kuma ɗan amshin kansa. A “Everyday” ba a sa ganguna ba, Allison cinyoyinsa ya riƙa tafawa, matar Petty kuma, Vi, ta kaɗa wani ƙaramin kayan kiɗa mai kama da fiyano wanda sautinsa kamar na ƙararrawa. A “Not Fade Away” kwali Allison ya buga. A “Peggy Sue” kuwa gangunan sun yi ƙara da yawa, sai aka fitar da su daga ɗakin, Petty yana kunna amsa-kuwwa yana kashewa, sautin ya riƙa zuwa yana komawa kamar igiyar ruwa. Da lokacin da Holly zai yi kiɗan jita shi kaɗai ya zo, Sullivan ne ya durƙusa a gabansa ya murɗa masa maɓallin jitar, domin hannunsa ba shi da sararin tsayawa. Shi kansa Holly yana da wata dabara ta karya murya a tsakiyar kalma kamar mai shaƙuwa, wadda ta zama tambarinsa.

Amma alherin Petty yana da farashi. Ya zama manajan ƙungiyar, kuɗinsu duka ta hannunsa suke bi. Ya kuma riƙa sa sunansa a cikin marubutan waƙoƙin, abin da yake ba shi kaso a duk cinikin da aka yi. Har a “That'll Be the Day” sunansa ya fito, alhali an riga an ɗauki waƙar a Nashville tun kafin ta zo Clovis. A “Peggy Sue” kuwa babu sunan Holly ko kaɗan, sai bayan rasuwarsa aka ƙara shi bisa nacin Allison. Irin wannan ɗabi'a ta zama ruwan dare a kasuwar faifai ta lokacin. Masu kare Petty suna cewa ba don ƙwarewarsa da lokacin da ya ba yaran ba, da ba a ji su ba. Masu sukarsa kuwa suna ganin abin ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shekarar shahara

A watan Agusta 1957 The Crickets suka yi wasa na mako guda a gidan wasa na Apollo da ke unguwar Harlem a birnin Niyu Yok, inda akasarin masu kallo baƙar fata ne. Kwanakin farko jama'a ba su karɓe su ba. Da suka sa wata waƙa ta Bo Diddley a cikin wasansu, sai aka sake da su. Ran 1 ga Disamba suka fito a shirin talabijin na Ed Sullivan, wanda miliyoyin Amurkawa suke kallo kowane daren Lahadi. Bayan wannan Sullivan mai jita ya bar ƙungiyar saboda gajiyar tafiye-tafiye, suka rage su uku.

A farkon 1958 suka je Hawayi da Ostareliya. A watan Maris suka sauka Birtaniya, inda suka yi wasa 50 a cikin kwana 25, aka kuma nuna su a talabijin daga gidan wasa na Palladium a Landan. Wannan ziyara ta yi tasiri ƙwarai. Samarin Ingila sun ga wani dogon saurayi siriri, sanye da kwat da tabarau mai kaurin baki, wanda bai yi kama da tauraro ba, ga shi kuwa yana rera waƙoƙin da ya tsara da kansa, da kayan kiɗan da kowane gungun abokai za su iya tarawa. Da yawansu suka ga cewa su ma za su iya.

Aure, rabuwa, da sabon aiki

A watan Yuni 1958, a ofishin wani kamfanin buga waƙoƙi a Niyu Yok, Holly ya haɗu da María Elena Santiago, 'yar asalin tsibirin Puerto Rico, wadda take aikin tarbar baƙi a wurin. A fitarsu ta farko ya nemi aurenta. An ɗaura auren ran 15 ga Agusta a Lubbock. Ba a bayyana wa jama'a ba, domin a lokacin ana ganin aure yana rage wa mawaƙi farin jini a wurin 'yan mata. Idan ta bi shi tafiya, akan ce sakatariyar ƙungiyar ce.

A daidai wannan lokaci Holly ya fara tsara wa wasu faifai. A watan Satumba ya kawo wani abokinsa, Waylon Jennings, mai gabatar da shiri a wani gidan rediyo na Lubbock, ya tsara masa faifansa na farko a Clovis. Waƙar da ya zaɓar masa, “Jole Blon”, tsohuwar waƙa ce ta masu jin Faransanci na jihar Louisiana. Ya kuma ɗauko King Curtis, baƙar fata, gwanin busa saksofon, tun daga Niyu Yok domin ya yi busa a faifan. Wato a faifai ɗaya ya haɗa mawaƙin karkara, da waƙar Faransanci, da busar baƙar fata. A ƙarshen watan, shi da Phil Everly suka tsara wa wani sabon mawaƙi, Lou Giordano, faifai a Niyu Yok. Yana kuma da shirin kafa kamfanin faifai da gina ɗakin ɗaukar murya nasa na kansa a Lubbock.

Ran 21 ga Oktoba ya yi wani abin da ba a saba gani ba a wurin mawaƙin rokabili. Ya shiga ɗakin ɗaukar murya a Niyu Yok tare da ƙungiyar makaɗa 18, akasarinsu masu goge, a ƙarƙashin Dick Jacobs, ya ɗauki waƙoƙi 4 masu taushi. Wannan shi ne zamansa na ƙarshe a ɗakin ɗaukar murya.

Kafin ƙarshen shekarar ya raba gari da Petty a kan maganar kuɗi. Ya so Allison da Mauldin su bi shi Niyu Yok, amma suka zaɓi zama tare da Petty, suka kuma riƙe sunan The Crickets. Holly da matarsa suka kama gida a unguwar Greenwich Village. A can, a Disamba 1958 da Janairu 1959, ya riƙa ɗaukar sababbin waƙoƙi a kan na'urarsa ta gida, daga shi sai jitarsa. Ya sami 'yancin da yake nema, amma aljihunsa babu nauyi. Kuɗinsa suna Clovis ba a gama lissafinsu ba, ga kuma wani mai shirya wasanni da ya kai ƙara yana neman la'ada, abin da ya sa aka riƙe wasu kuɗin. Matarsa tana da juna biyu. Da aka yi masa tayin wani rangadi a tsakiyar hunturu, sai ya karɓa.

Rangadin hunturu

An shirya rangadin ne a garuruwa 24 na arewacin tsakiyar Amurka, kowane dare gari guda. An fara ran 23 ga Janairu, 1959, a Milwaukee. Holly ya haɗa sabuwar ƙungiya: Tommy Allsup da jita, Carl Bunch da ganguna, sai Waylon Jennings da jitar lantarki mai kaurin sauti. A cikin tawagar akwai Ritchie Valens, ɗan shekara 17, da J. P. Richardson wanda aka fi sani da Big Bopper, da kuma Dion da ƙungiyarsa.

Waɗanda suka tsara tafiyar ba su kula da nisan da ke tsakanin garuruwan ba. Tawagar takan yi ɗaruruwan kilomita a dare guda, ta je gaba ta komo baya, a cikin tsofaffin bas-bas da na'urar ɗumama su ba ta aiki, ga dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina. Wani dare motar ta mutu a daji, sanyi ya ci yatsun ƙafar Bunch, dole aka kwantar da shi a asibiti.

Ran 2 ga Fabrairu suka yi wasa a garin Clear Lake na jihar Iowa. Wasan gobe a Moorhead ne, jihar Minnesota, tafiyar kusan kilomita 600. Holly ya gaji, yana so ya isa da wuri ya sami barci, a kuma wanke musu tufafi. Sai ya yi hayar ƙaramin jirgin sama mai kujera huɗu daga filin jirgin Mason City, domin ya kai shi da makaɗansa biyu Fargo, garin da ke maƙwabtaka da Moorhead. Richardson yana fama da mura, sai Jennings ya bar masa kujerarsa. Valens da Allsup kuwa suka jefa tsabar kuɗi, Valens ya ci.

Jirgin ya tashi da misalin ƙarfe 1 saura minti 5 na dare, ran 3 ga Fabrairu. Matuƙinsa, Roger Peterson, shekararsa 21. Bayan 'yan mintoci jirgin ya faɗi a wata gonar masara da ba ta kai kilomita 10 daga filin ba. Sai da gari ya waye aka ga tarkacensa. Duka mutum huɗun sun rasu nan take. Hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Amurka ta yi bincike, ta gano cewa matuƙin ba shi da izinin tuƙi da na'urori kaɗai a inda ido ba ya gani, kuma ba a yi masa cikakken bayanin munin yanayin da ke gabansa ba.

An yi jana'izar Holly ran 7 ga Fabrairu a cocin iyayensa a Lubbock. A kan dutsen kabarinsa an rubuta sunansa na asali, Holley, an kuma zana jitarsa. Matarsa a talabijin ta ji labarin, ba da daɗewa ba cikin da take ɗauke da shi ya zube. Rangadin kuwa ba a tsayar da shi ko na dare ɗaya ba. Jennings da Allsup suka ci gaba da wasa har ƙarshensa, ba su sami halartar jana'izar ba.

Abin da ya bari

Ɗaya daga cikin waƙoƙin da ya ɗauka da masu goge, “It Doesn't Matter Anymore”, wadda Paul Anka ya rubuta masa, ta zama ta ɗaya a Birtaniya a watan Afrilu 1959. Kamfanin Coral ya yi shekara 10 yana fitar da abin da ya rage na muryarsa. Waƙoƙin da ya ɗauka a gida, daga shi sai jita, an ɗora musu kiɗa da amshi waɗanda bai taɓa ji ba, kuma daga cikin waɗanda suka yi wannan aiki har da Norman Petty. Sai bayan shekaru masu yawa aka fitar da su yadda ya bar su.

Hanyar da ya buɗe kuwa wasu sun bi ta. A Liverpool, ƙungiyar samarin da John Lennon da Paul McCartney suke ciki ta ɗauki “That'll Be the Day” a faifanta na gwaji na farko a 1958. Daga baya suka raɗa wa kansu suna The Beatles, wanda ya yi kama da sunan wani ƙwaro dangin buzuzu, suna kwaikwayon The Crickets. Kamar Holly, su ma suka riƙa rubuta waƙoƙinsu, suna mai da ɗakin ɗaukar murya wurin gwaji. A 1964 The Rolling Stones suka yi kasuwa da “Not Fade Away”. Tsarin jita biyu, da jita mai kaurin sauti, da ganguna, wanda The Crickets suka yaɗa, ya zama tsarin da dubban ƙungiyoyi suka ɗauka. Bob Dylan, wanda ya kalli Holly a garin Duluth kwana uku kafin haɗarin, da shi ya buɗe laccarsa ta lambar Nobel a 2017. Waylon Jennings kuwa ya zama babban mawaƙin karkara, a shekarun 1970 ya ja daga da kamfaninsa a Nashville har ya sami ikon zaɓar makaɗansa da tsara faifansa, wato abin da aka hana abokinsa a 1956.

A 1971 Don McLean ya fitar da waƙar “American Pie”, wadda ta sake tuna wa Amurkawa da haɗarin. A 1976 McCartney ya sayi haƙƙin mallakar waƙoƙin Holly. An yi fim a kan rayuwarsa a 1978. A 1986, da aka fara karrama magabatan kiɗan rok an rol a Amurka, yana cikin rukunin farko. Garin Lubbock ya kafa mutum-mutuminsa a 1980, ya kuma buɗe cibiyar adana tarihinsa a 1999. A can aka ajiye tabaraunsa, wanda aka tsinta a gonar da jirgin ya faɗi, ya yi shekara 21 a cikin ambulan a wani ofishin hukuma a Iowa kafin a sake gano shi.

Tambayoyi

1. Waɗanne irin kaɗe-kaɗe ne suka haɗu aka sami rokabili?
2. Mene ne aikin mai tsara faifai? Kwatanta yadda Owen Bradley da Norman Petty suke gudanar da aikinsu.
3. Me ya sa ba a sa sunan Holly a faifan da Brunswick ta fitar a watan Mayu 1957 ba?
4. Bayyana ma'anar karin maganar nan: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kana ganin ta dace da abin da ya faru tsakanin Holly da Petty?
5. Kawo dalilan da suka sa Holly ya shiga rangadin hunturu na 1959.
6. Rubuta taƙaitaccen tarihin wani mawaƙi ko wata mawaƙiya ta ƙasarku.